Tsohuwar Tarakta a Kan Jigawa: Abin da Tarihi Ya Bar Mana



Duk shekara idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, hira ɗaya ce a majalisun Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar: wa ke da tarakta, nawa ake yin haro bana, yaushe layi zai zo kanmu. Yanzu kuma an samu ƙari. Mutum uku ko biyar su haɗa kuɗin riɗi da zoɓo, ko wani ya kaɗa bijimansa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a nufi Kano a sayo tsohuwar tarakta. Wani sayen yakan zama arziki. Wani yakan ƙare a gindin darbejiya, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Wani kuma, Allah ya kiyaye, da shi ake rasa rai. Shi ya sa muka ga ya dace wannan makon mu waiwayi yadda ƙarfen nan ya shigo ƙasarmu, domin yawancin tambayoyin da mai saye yake yi yau, an riga an biya kuɗin amsarsu tun kafin a haife mu.

ƘASAR DA MUKE NOMAWA

Baƙo idan ya bi titi daga Gumel zuwa Maigatari zai rantse ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Manomi ya san ba haka take ba. Ƙasarmu jigawa ce, tsofaffin tuddan rairayi da iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da fari ya fi na yanzu tsanani, daga baya ciyawa da itatuwa suka kama su suka zauna. Yawancinsu sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi. Tsakanin tudu da tudu akwai kwari, inda ruwa ke kwanciya da damina. Sunan da aka raɗa wa jiharmu ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire ta daga Kano, sunan wannan ƙasa ne.

Ba mu da duwatsu irin na Dutse ko Kazaure, amma muna da gangare mai laushi wanda ke zamewa a ƙarƙashin taya, muna da kududdufai a bakin gari, da kwazazzabai da ruwa ke yankawa, da gefen titi da aka ɗaga sama da gona. Damina kuma gajera ce, wata uku zuwa huɗu. Wanda ya makara da mako biyu a shuka ya san abin da zai gani a rumbu. Wannan gaggawar ita ce ta sa muke son tarakta, ita ce kuma ke sa direba ya yi abin da bai kamata ba.

Kakanninmu sun noma wannan rairayi da sungumi da hauya, a wasu wuraren da ashasha, hauyar tsaye mai doguwar ƙota wadda ke yanke ciyawa ba tare da ta birkice ƙasa ba. Suna yin binne kafin ruwa ya sauka, suna barin gawo a tsakiyar gona, suna sare sabara da kalgo su bar kututturen ya sake tohowa. Duk kayan aikin nan sama-sama suke taɓa ƙasa, domin albarkar jigawa a saman take.

GARMAR SHANU

Ƙarfe na farko da ya canja noma a nan, shanu ne suka ja shi. An fara gwada huɗar shanu a Daura a 1922, sannan a 1928 ma'aikatar gona ta Turawa ta buɗe shirin haɗa noma da kiwo da manoma uku kacal. Ana ba manomi bashin bijimai biyu da garma ta hannun En'e, ya biya a hankali bayan kaka. Garmar da ta fi karɓuwa ita ce Emcot ta kamfanin Ransomes na Ingila, wadda har yau maƙeranmu ke ƙera irinta suna canja mata baki.

Abin da ya tura shirin gaba gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma layin ya kai Nguru, ya ratsa ta Gagarawa. Daga nan gyaɗar ƙasar Gumel ta samu hanyar zuwa teku, manomi ya samu dalilin faɗaɗa gona, ya kuma samu kuɗin biyan bashin shanu.

Me ya sa garmar shanu ta zauna daram? Rairayi ba ya wahalar da bijimi. Abincinsa harawa da karan dawa, suna gona. Takinsa yana komawa gonar. Idan garma ta karye maƙeri yana cikin gari. Da rani a ɗaura masa amalanke ya yi jigilar taki da ruwa da kayan kasuwa. Bayan shekara uku ko huɗu a yi masa kiwo a kai shi Maigatari, sau da yawa a sayar da shi fiye da yadda aka saye shi. Mu riƙe wannan lissafin, domin duk injin da ya zo bayansa da shi za a auna shi.

GWAJIN TURAWA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga ƙarancin man girki, sai ta ce za ta noma gyaɗa da injuna a ƙasashen da take mulka. A Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, aka fara a 1947. Saiwoyin itatuwa da taurin ƙasa suka riƙa karya injuna, ruwa bai zo yadda aka zata ba, a 1951 aka haƙura bayan an narkar da sama da fam miliyan 30.

A Nijeriya an yi irin wannan a Mokwa daga 1949. Tarakta za ta share daji ta yi kaftu, a zaunar da manoma, kowane ya kula da eka 24, kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku na amfani. Tarakta ta yi nata, amma noman firi da maimai da girbi suka rage wa hannu, kuma babu gidan da zai iya nome eka 24 da hauya kafin ciyawa ta cinye shuka. A 1954 kamfanin ya janye. Darasin Mokwa bai tsufa ba: wanda ya buɗe gona da tarakta fiye da abin da zai iya nomewa, ciyawa ya shuka wa wuri.

Daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta koma tsarin haya: taraktocin na hukuma ne, manomi ya biya a yi masa aiki. Wannan tsarin jihohi suka gada bayan 1967, har da Kano ta zamanin Audu Bako, wadda muke cikinta a lokacin.

ZAMANIN KUƊIN MAI

Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza yankin nan, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya cika baitulmali. Aka yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, aka yi juyin noma na Shagari a 1980, kowanne da jerin sababbin taraktoci a gaban 'yan jarida. Aka kafa masana'antar Steyr ta Ostiriya a Bauchi, da NTM a Kano mai haɗa Fiat ta Italiya. A farkon shekarun 1980, zamanin Abubakar Rimi, aka kafa KNARDA da tallafin Bankin Duniya, wadda bayan an ba mu jiha JARDA ta gaje ta a nan. Dattawanmu a lokacin suka fara sabawa da tantan, kamar yadda suke kiranta.

Taraktocin hukuma matsalarsu iri ɗaya ce a duk faɗin Arewa. Kowa yana buƙatarsu a mako biyu ɗaya. Gonakinmu ƙanana ne a warwatse, rabin yini yana tafiya a hanya. Kuɗin haya bai isa sayen kayan gyara ba, kuma yana shiga asusun gwamnati ne, fitowarsa sai an bi takardu. Tarakta ta tsaya saboda bel ɗin fanka, a cire mata batir a sa wa wata, gobe a cire taya, shekara na zagayowa ta zama gawa. Duk wanda ya taɓa leƙa harabar ma'aikatar gona ta wata ƙaramar hukuma ya ga irin wannan maƙabarta.

A 1983 bushiya ta kashe shanu masu yawa, fari ya sake dawowa a 1984. Mai tunani zai ce a nan tarakta za ta karɓe fili. Sai ga SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar tarakta da kayan gyaranta suka fi ƙarfin hukuma balle talaka, masana'antun Bauchi da Kano suka durƙushe. Manoma suka sake haɗa bijimai. Taraktocin da suka rayu su ne waɗanda suka faɗa hannun 'yan kasuwa ta hanyar gwanjo, da waɗanda aka riƙa shigowa da su na hannu daga Turai. Gwamnatoci ba su daina sayo sababbi ba, daga zamanin Saminu Turaki har zuwa na Umar Namadi, muna kuma fatan a riƙe su da kyau. Amma abin da shekaru sittin suka nuna shi ne, tarakta tana daɗewa ne a hannun wanda zai ji zafi a aljihunsa idan ta kwana ba ta yi aiki ba.

ABIN DA BA A SAYO MANA DA ITA BA

Akwai wani ɓangaren tarihin da ba a cika ba mu labarinsa ba. Tun fitowar Fordson a Amurka a 1917 aka gane tarakta tana da wani mugun hali. Idan garmar da take ja ta kama saiwa ko dutse, tayoyin baya suka kasa juyawa, injin ba ya tsayawa: sai jikin taraktar ya juya a kan tayoyin, gaba ya tashi sama, ta faɗo ta baya a kan direba. Manoma da yawa sun mutu a haka. Wani mutumin Ailan ta Arewa, Harry Ferguson, shi ya ƙirƙiro maratayi mai hannu uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ya yi masa rajista a 1926. Da wannan tsarin garma ta zama ɓangaren jikin tarakta, idan ta kama wani abu sai ƙarfin ya danne gaban ƙasa maimakon ya ɗaga shi. Kamfaninsa ne ya haɗe da Massey-Harris a 1953, aka samu jar taraktar da muka fi sani, Massey Ferguson.

Wannan ya rage kifewa ta baya wajen huɗa, amma bai hana kifewa ta gefe a kan gangare ba. Sai ƙasar Suwidin ta kafa doka a 1959 cewa kowace sabuwar tarakta sai da ƙarfen kariya, wato ƙaƙƙarfan firam da ke tsaye a kan kujerar direba, wanda idan ta kife shi zai daki ƙasa ya bar wa mutum wurin tsira. Mutuwar kifewa ta ragu a can har ta kusa ɓacewa. Ingila ta bi sahu a 1970, kamfanonin Amurka suka mayar da shi ƙa'ida a 1985. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna idan akwai ƙarfen kuma direba ya ɗaura bel, cikin kifewa 100 ana tsira da rai a 99.

To, mu dubi abin da ke gonakinmu. MF 135 da 165 an ƙera su ne tsakanin 1964 da 1975. Steyr da Fiat na zamanin Shagari sun haura shekara 40. Ko MF 375 da ake shigowa da ita daga Pakistan, da yawa rumfar inuwa kawai gare su. Wasu kuma sun zo da ƙarfen, aka cire shi don ya hana shiga ƙarƙashin bishiya, ko aka sayar wa mai walda. Mun gaji injin, mun bar darasin da aka saya da rayukan mutane a can inda aka ƙera shi.

IDAN ZA A SAYA

Araha ba ta ado. Kafin a tambayi kuɗi, a tambayi abu biyu: wane bakanike ne a Gumel ko Maigatari ya san cikin wannan samfurin, kuma idan wani abu ya karye ranar Talata, za a same shi a Kano ranar Laraba? Dalilin da ya sa Massey mai injin Perkins ta fi yawa a hannun 'yan kasuwa ke nan. Tarakta mai kyan fenti wadda sai an yi odar kayanta daga waje, damina ɗaya za ta ci mutum.

Girma ma a auna shi da gona. Mai ƙarfin doki 60 zuwa 75 ta isa haro da rija da jan tirela a jigawa. Wadda ta fi haka gas kawai za ta ƙara sha. Mai ja da ƙafa huɗu ta fi riƙe rairayi da gangare, amma kayan gabanta sun fi yawa kuma sun fi tsada, sai a duba aljihu.

A je da sassafe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin mai sayarwa yakan ɗumama shi kafin mai saye ya iso. Wadda ta tashi bugu ɗaya da sanyi tana da sauran rai. A tsaya a kalli hayaƙi. Shuɗi yana nufin tana cin baƙin mai, ringi ya gaji. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, ko nozul ba ya fesawa daidai. Baƙi kuwa ko matatar iska ta toshe ko injekta na neman gyara. A zaro sandar gwada mai: idan ya koma kamar madara, ruwa ya haɗu da shi. A buɗe lagireto tun da sanyi a duba ko mai na yawo a saman ruwan. A buɗe matatar iska, domin a ƙasar ƙura irin tamu ita ke nuna ko mai ita ya kula da ita. Injin da ya sha rairayi ba ya daɗewa.

A rataya mata haro, a ɗaga sama, a kashe injin. Idan haron ya sauko da kansa nan da nan, akwai aiki a haidirolik. A juya sitiyari a ji yawan wasan da yake yi kafin taya ta amsa. A hau a gwada birkin hagu daban, na dama daban, sannan a haɗa su a taka a ga ko tana fizga gefe ɗaya, a kuma tabbatar sakatar da ke haɗa su tana nan. A duba tayoyin baya da kyau, domin sababbi guda biyu kuɗi ne mai nauyi, a cire shi daga farashi.

Sannan a dubi ƙarfen kariya. Idan babu, a sa kuɗinsa cikin lissafin saye tun farko, a nemi na asali wanda ake ɗaurewa da manyan kusoshi a jikin gidan tayoyin baya, ko da na kwance ne daga wata matacciyar tarakta irinta. Rumfar da mai walda ya haɗa da bututun ruwa inuwa kawai take bayarwa. Ranar da aka kife lanƙwashewa za ta yi ta danne mutum. Ƙa'idar bel kuma biyu ce: idan akwai ƙarfen a ɗaura, idan babu kada a ɗaura.

A KAN TUDU

Tarakta doguwa ce, nauyinta yana sama kuma yana baya. Kifewa ta baya ba ta kai daƙiƙa biyu ba, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta wuce inda za a iya dawo da ita. Kafin ƙafa ta kai kuloci an gama. Saboda haka maganin yana gaban aukuwar.

Duk abin da za a ja, tirela ce ko motar da ta kafe ko kututture, a ɗaura shi a ƙarfen ja na ƙasa, wanda ke ƙasa da tsakiyar tayoyin baya. Ɗaura sarƙa a hannun sama ko a bayan kujera shi ne hanya mafi sauri ta ɗaga gaban tarakta. Idan ita kanta ta nutse a rairayi ko a taɓon kwari, da ribas ake fita. Kada a ɗaura gungume a jikin taya don ta samu abin takawa, kada kuma a yi ta ba ta wuta a giyar gaba. A tone rairayin bayan tayoyin, ko a kira wata ta jawo ta ta baya, jama'a kuma su matsa nesa da sarƙar.

Gangare ana hawansa a miƙe, a sauko a miƙe. Giyar da za ta iya hawa da ita, da ita ake saukowa, kuma tun a sama ake sa ta. Sakin tarakta a firi don a rage shan gas ganganci ne, musamman da tirela cike da buhunan gero ko yashin gini a baya: yawancin tirelolinmu ba su da birki, nauyinsu zai tura taraktar ya naɗe ta. Idan tudun ya yi tsayi kuma akwai haro mai nauyi a rataye, a hau da baya, ko a ƙara mata ƙarafan nauyi a gaba. Idan dole sai an ratsa gangare a karkace, a tafi a hankali, a sauke haro kusa da ƙasa, a buɗa tazarar tayoyi gwargwadon yadda kunya ta bari. Da an ji tayar sama tana neman tashi, a karya sitiyari zuwa gangare.

Bakin kududdufi da kwazazzabo da gefen titi, a ba su tazarar da ta kai zurfinsu ko fiye, domin rairayi ba ya gargaɗi kafin ya rufta. A kan titi a haɗa birki biyu da sakata. Taka ɗaya cikin gudu juya ta zai yi. Da dare a sa fitila ko abin da ke ƙyalli a bayan tirela, musamman daren Laraba da Alhamis da manyan motoci ke cika hanyar Maigatari.

Akwai wasu halaye namu da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansu. Ajiye tarakta a kan tudu don a gangara da ita da safe saboda batir ya mutu. Tayar da ita da sukundireba mutum yana tsaye a gaban tayar baya, alhali tana cikin giya. Ɗora yara da 'yan kasuwa a kan murfin taya. Kujera ɗaya aka yi mata, wanda ya zamo kuma ƙarƙashin taya ko faifan haro zai faɗa. Sai sandar bayan nan mai juya injin sussuka, wadda makanikai ke kira PTO: tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. Idan ta kama bakin babbar riga ko jelar rawani ko mayafi, babu mai ƙarfin ƙwacewa. A rufe ta da murfinta, a sa matsattsun kaya, a kashe inji kafin a taɓa komai. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma mu ne kuma muke cewa rigakafi ya fi magani.

RABON AIKI

Saura magana ɗaya, wadda ta haɗa lafiyar direba da lafiyar ƙasa. Malaman gona suna cewa a yi kunya a gicciye da gangare don ta tare ruwa, kuma gaskiya ne. Amma gicciye gangare shi ne inda tarakta ke kifewa. A inda tudun yake kwance-kwance, tarakta za ta yi a hankali ba matsala. A inda ya miƙe, a bar wa shanu. Bijimi ba ya kifewa, yana zagaye gawo, ba ya buƙatar a tumɓuke kututturen sabara da kalgo da ke riƙe ƙasa.

Haka ma zurfi. Jigawa ba ta son garmar faifai mai juye ƙasa, wannan aikin fadama ne. Haro sama-sama bayan ruwa ya sauka, ko rija kai tsaye, ya wadatar. Wanda ya sa aka yi masa haro a busasshiyar ƙasa tun bazara, guguwar farkon damina za ta kwashe saman gonarsa ta kai wa maƙwabci, ta binne masa shuka. Layukan darbejiya da turare da aka dasa a yankin nan don tare iska, saboda irin wannan aka dasa su. Bai kamata mu biya kuɗin gas don mu taya hamada aiki ba.

Sama da shekara ɗari ke nan tun gwajin Daura, garmar shanu tana nan. Taraktocin hukuma sun zo kashi-kashi sun wuce. Tsohuwar tarakta za ta iya zama alheri ga ƙungiyar da ta saye ta da ido buɗe, ta ware kuɗin gyara daga kowace haya tun ranar farko, ta ɗauki direba mai natsuwa, ta kuma yarda cewa akwai gonar da ba tata ba ce.

Dattawan wannan zaure da suka ga zuwan tantan ta farko garuruwansu, da tsofaffin direbobin KNARDA da JARDA, da makanikanmu, muna jiran ƙarin bayaninku. Wanda kuma yake da ɗan uwa mai tuƙa tarakta, ya karanta masa sashen tudun nan kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.